Hasumiyar Eriya Mai Sunkuyawa Irin Ta Jigo

Wasiƙu biyu ne suka iso wannan fili a kan magana ɗaya, guda daga Sabo ta Ibadan, guda kuma daga Fatakwal. Marubutansu duka biyu suna cikin mutanen nan da Allah Ya ɗora wa son rediyon sha'awa, watau waɗanda suka karɓi lasisi daga hukuma, suka ajiye na'urar aikawa da karɓar magana a ɗakunansu, suna hira da takwarorinsu na ƙasashen duniya ta gajeren zango, ba don neman kuɗi ba, ba kuma don watsa labarai ba. Na Ibadan ya ce shekarunsa sun haura sittin, gwiwa ta fara ƙi, ga shi kuwa duk sa'ad da wani abu ya kwance a jikin eriyarsa tilas sai ya hau. Na Fatakwal ya ce ruwan sama da iskar teku suna cinye masa mahaɗin waya, har ya zama kowane 'yan watanni sai ya biya wani yaro ya hau masa ƙarfe, kuma kullum yaron yana sama gabansa faɗuwa yake yi, don bai san abin da zai gaya wa iyayensa ba ranar da ƙafa ta zame.

Amsata gare su ɗaya ce. Tun da hawan shi ne haɗarin, to, a gina hasumiyar da za ta sunkuyo ta tarar da mai ita a ƙasa. Na gina irinta a bayan gidana, na ɓata ta farko, ta biyu kuwa tana nan tsaye, saboda haka abin da zan faɗa na saye shi da kuɗina.

Wanda bai saba da sha'anin ba zai ce ina amfanin wannan tsawo duka. Dalilin shi ne, igiyar rediyo ta gajeren zango ba ta bin doron ƙasa ta kai nesa. Sama take tafiya, ta bugi wani rufi na sararin samaniya, sa'an nan ta karyo ta sauka a wata ƙasa. In ta tashi a miƙe, kusa za ta sauka. In kuwa ta tashi a kwance, kamar jifan da aka yi niyyar ya tsallake kogi, sai ta yi nisa. Eriyar da aka shimfiɗa a kwance ba ta fara jifa mai nisa sosai sai an ɗaga ta kamar rabin tsawon zangon da take aiki a kai. Zangon da masu wannan sha'awa suka fi so domin hira da ƙasashen waje shi ne na mita 20, wajen megahaz 14, rabinsa ke nan mita 10 da ɗoriya. Mutumin da lambar kiransa ta fara da 5N, watau ɗan Nijeriya, zai iya samun maƙwabcinsa mai 5U a Nijar ko mai 9G a Gana da wayar da ya ɗaura a kan mangwaro. Amma in yana son Japan ko Amurka su riƙa jinsa ba da wahala ba, lalle ya nemi mita 11 ko abin da ya yi kusa.

Dabarar kuwa ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya taɓa zuwa lambu a fadama. Dubi jigo. Dirka biyu a kafe, an gicciya itace a kansu, an ɗaura doguwar sanda a kan gicciyen, ga guga a dogon hannu, ga curin laka a gajeren hannu. Mai lambu yana ɗaga ruwa tun safe har rana ta take ba tare da ƙugunsa ya ƙage ba, domin laka ce take ɗauke masa yawancin nauyin. Hasumiyarmu jigo ce ta ƙarfe, eriya a madadin guga, sai dai ita a tsaye take kwana, ba ta sunkuyawa sai an bukace ta.

Kafin a sayi ko ƙusa ɗaya, a fita a dubi wuri, kuma wayar lantarki za a fara dubawa. Ban san abin da ya fi halaka masu kafa eriya kamarta ba. Layukan da suke ratsa unguwanninmu akwai masu ƙarfin bolt 11,000, akwai masu 33,000, kuma irin wannan wuta ba ta jiran ƙarfe ya taɓa ta sosai, tsalle take yi. Ƙa'idata ita ce, tsakanin gindin hasumiya da kowace wayar lantarki a sami ninki biyu na tsawon hasumiyar. In filin gida bai ba da haka ba, to, a haƙura da wannan aiki gaba ɗaya, a koma ga waya da mangwaro. Bayan haka a auna layin da za ta kwanta: tana bukatar kamar mita 10 a gaba, da mita 3 da rabi a baya inda gindinta zai tashi sama, ba bango, ba rufin kwano, ba igiyar shanya. A kuma yi wa maƙwabta magana tun da wuri, kana wanda yake kusa da filin jirgin sama ko cikin birnin da yake da dokar kafa turakun sadarwa, kamar Legas, ya je ya nemi izni a rubuce.

Sai rami. Mita ɗaya faɗi, mita ɗaya tsawo, zurfi mita ɗaya da santimita 20. A ƙasa mai marmara wannan ya wadatar. A yashin bakin teku, inda ruwa yakan tsattsafo tun ba a kai ƙugu ba, ko a baƙar laka mai tsagewa da rani, sai a ƙara faɗi a kuma saka rodi. A cikin ramin za a tsai da turaku biyu na bututun ƙarfe mai inci 4, kowanne mita 4 da rabi, a jere, da ratar da sandar hasumiya za ta shige tsakaninsu ba matsi. Tun a ƙasa mai walda zai haɗa su da gajerun ƙarafa uku ko huɗu, amma ta fuska ɗaya kaɗai, watau fuskar da kan hasumiya zai sunkuya, domin ta ɗaya fuskar ce gindin zai fita. Kwaɓin kankare shi ne siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, zai ci wajen buhu 8, nauyinsa kuwa in ya bushe ya tasam ma tan 3. A sa ma'aunin magina a tabbata turakun sun miƙe ta kowace fuska kafin kwaɓin ya kama. A yi mako guda ana ba shi ruwa safe da yamma, sa'an nan a ƙyale shi ya cika kwana 28 kafin a ɗora masa kaya. Na san mai sabuwar eriya a ɗaki ganin kwana 28 yake kamar shekara, amma siminti ba ya sauraron uzurin kowa.

A nan ne zan ba da labarin kuskurena. Da na tashi yin ta farko, sai na sayi bututun ruwa mai inci 3 guda biyu, kowanne mita 6, na sa aka haɗa su baki da baki da walda, na sami sanda mai mita 12, na huda ta a mita na uku na zura ƙusa. Mai waldan ya ce da ni, "Alhaji, wannan ko giwa ta hau ba zai lanƙwasa ba," ni kuwa da yake abin da nake son ji ke nan, ban yi lissafi ba. Ranar ɗagawa, muna fara jan igiya, gindi ya yi ƙasa, kai bai motsa daga kan dirkar da muka ɗora shi ba, sai ga sanda ta gantsare daidai wurin hujin nan, a hankali, ba ko ƙara, kamar ɗanyar kara. Allah Ya kiyaye ba ta karye ba, domin yara biyu na gidan suna tsaye kusa suna kallo. Laifin kuma ba na mai walda ba ne, nawa ne. Sandar da take kwance, an riƙe ta a wuri guda, ga mita 9 suna reto da eriya a kansu, duk nauyin nan a wurin riƙon yake taruwa, bututun ruwa kuwa an yi shi ne don ya riƙe ruwa. Na kuma ƙara masa rauni da na huda shi daidai inda ya fi shan wahala.

Ta biyu ga yadda aka yi ta. Kashin ƙasa bututu ne mai inci 4, mai kaurin jiki, tsawonsa mita 6, madogararsa a tsakiyarsa cif, mita 3 a ƙasa, mita 3 a sama. Kashin sama bututu ne mai inci 2 da rabi, shi ma mita 6, an zura mita ɗaya nasa a cikin na ƙasa, an cike ratar da zobban ƙarfe, an ɗaure da ƙusoshi biyu masu noti da suka ratsa. Kan hasumiya ya zama mita 8 daga madogara, madogara kuwa tana mita 3 da 'yan santimita daga ƙasa, jimla mita 11 da ɗan abin da ba a rasa ba. Ba a huda sandar ba a wannan karo. Wani gajeren bututu mai kauri aka gicciya a jikinta, aka yi masa walda a kan faffaɗan ƙarfe da ya rungume ta, ƙusa mai kaurin milimita 25 ta bi ta cikinsa ta ratsa turakun nan biyu, aka sha ta da giris. Duk bututun masu rufin tutiya ne saboda tsatsa. Hayaƙin tutiya kuwa yana sa zazzaɓi, don haka a goge rufin a wurin da za a yi walda, a yi aikin a fili inda iska take kaɗawa, in an gama a shafe wurin da fenti mai hana tsatsa. A rufe kan bututun na sama, a bar ƙaramar kafa a gindi don ruwan da ya shiga ya sami hanyar fita.

Yanzu lissafin da na ƙi yi da fari, wanda bai fi ƙarfin ɗan aji shida ba. Ana ninka kowane nauyi da nisansa daga madogara. Kashin ƙasa ya raba kansa biyu daidai, saboda haka ba ya cikin lissafi. Kashin sama ya kai kilo 40, tsakiyarsa tana mita 5 daga madogara, 200 ke nan. Eriya da injin juya ta, a ce kilo 15, a mita 8, 120 ke nan. Jimla 320. Gajeren hannu mita 3 ne, in an raba 320 gida uku za a sami kusan kilo 107, shi ne ƙarfin da ake bukata a danna gindi da shi sa'ad da hasumiya take kwance. Amma igiyar ba daga sama take dannawa ba, a karkace take ja, daga gindin sandar zuwa gindin turaku, kuma wannan karkata tana mai da 107 ɗin ya zama wajen kilo 150. Mai karatu ya lura, eriyar da yaro zai ɗauka da hannu ɗaya ita kaɗai ta ci fiye da sulusin wannan nauyi, don haka duk kilo ɗaya da aka ƙara a can sama sai an biya shi kusan ninki huɗu a jikin igiya.

Curin laka namu shi ne ƙarfe ko kankare da za a ɗaure a gindin sandar. Kilo 60 a mita 3 ya ba da 180, saura 140, igiya kuwa ta koma ɗaukar kilo 66 kacal. To, a nan akwai wani tarko da ban taɓa jin masu sayar da kaya sun faɗa ba. Mutum zai ce, tun da haka ne bari in sa kilo 100, abin ya zama wasan yara. Lalle zai zama, 300 a gindi, 320 a kai. Amma ranar da ya kwantar da hasumiya ya kwance eriya don gyara, kai ya koma 200, gindi yana nan da 300 ɗinsa, igiya kuwa ja ta iya, ba ta iya turawa ba. Nan take sandar za ta zabura sama da kanta, ta tafi da haɓar wanda ya sunkuya a kanta. Saboda haka nauyin gindi kada ya kai na kai ko da an cire eriya, kuma duk da haka a ɗaure kan a jikin dirka kafin a kwance ko noti ɗaya.

Injin naɗe igiya na hannu, wanda ake kira winci, kada a yi masa rowa. A nemi wanda aka rubuta masa ɗaukar kilo 500 ko fiye, kuma mai birki, wanda in an saki hannu yake tsayawa da kansa. Mai ɗan harshe da ke ƙara ƙas-ƙas yana da kyau wajen ɗagawa, amma wajen saukarwa sai an ɗage harshen, in hannu ya kuɓuce kuwa mariƙin zai juya da gudun da zai karya tsintsiyar hannu, hasumiya ta biyo baya. Igiyar ta zama ta ƙarfe mai milimita 6, wadda ba ta tsinkewa sai nauyi ya kai wajen tan 2. Daga gindin sanda za ta bi ta kura a ƙasan turaku ta hau zuwa winci, winci kuwa a gefen turke za a kafa shi, daidai ƙugu, yadda mai juyawa ba ya ƙarƙashin sanda ba ya kuma bayan gindinta. In hasumiya ta miƙe, a zura wata ƙusa mai kauri ta ratsa turaku da gindin sandar, a sa mata kwaɗo saboda yara. Ƙusar nan ce mai riƙon yau da kullum, winci ya huta.

Saura iska, ita ce abokiyar gaba ta har abada. Ƙarfinta ba ya ƙaruwa daidai da gudunta: in gudu ya ninka biyu, ƙarfi ninkawa huɗu yake yi. Iska mai gudun kilomita 108 a sa'a tana tura kowane murabba'in mita da nauyin wajen kilo 55, jikin bututun nan kaɗai kuwa ya kusa murabba'in mita guda, ban da eriya. Duk wanda ya ga yadda hadarin farkon damina yake yaye kwanon makarantu ya san ba tatsuniya nake yi ba. Manya ma sun sha kashi a hannunta. Marconi, Ba'italiyen da ya fara tsallakar da saƙon rediyo a kan tekun Atlantika, ya kafa dogayen turaku 20 a da'ira a Poldhu ta ƙasar Ingila, kowanne wajen mita 60, guguwa ta kwantar da su a watan Satumba na 1901. Da ya je karɓar saƙon a tsibirin Newfoundland ranar 12 ga Disamba na wannan shekara, da ƙyalle mai tashi a iska irin na wasan yara ya ɗaga wayarsa. Hasumiyar rediyon Warsaw ta ƙasar Poland kuwa, mai mita 646, wadda a zamaninta babu gini a duniya da ya kai ta tsawo, ta faɗi ranar 8 ga Agusta 1991, kuma ana cikin sauya mata igiyoyin da suke riƙe da ita ne abin ya auku.

To, mu ma sai da igiyoyin riƙo. Guda uku, a ɗaure su kamar mita ɗaya da rabi ƙasa da kai, a raba su daidai a kewaye, kowace ta sauka a turken da aka binne a kankare wajen mita 6 ko 7 daga gindi. A tsara su yadda ɗaya za ta kasance a baya sak, kishiyar inda kai yake sunkuyawa. Ita kaɗai za a kwance ranar saukarwa, sauran biyun da kansu za su saki. In na ƙarfe ne, a datse su da 'yan tangaran masu hana wuta wucewa, don kada su shiga cikin aikin eriya su ɓata mata jifa. Kada kuma a ɗame su kamar tsarkiyar goge. Ɗamewar da ta wuce kima danna sanda take yi ƙasa, ta taimaki iska wajen lanƙwasa ta.

Game da tsawa, ƙarfe mai mita 11 a tsakar gida gayyata ce, babu wata hanyar faɗarsa. A kafa sandar jan ƙarfe mai mita 2 da rabi a ƙasa kusa da gindi, biyu ko uku sun fi ɗaya, a haɗa su da sandar hasumiya kanta da waya mai kauri, gajera, marar lanƙwasa. Kada a dogara ga ƙusar madogara ta wuce da wutar, giris ne a jikinta. Duk da haka, da an ga hadari ya haɗo, a cire wayar eriya daga na'ura a fitar da bakinta waje. Da hunturu ma haka, domin busasshiyar ƙura tana tara wuta a jikin eriya har mutum ya ji tana ɗan tartsatsi a bakin waya, kuma wannan kaɗai ya isa ya ƙona kunnen na'ura.

Ranar ɗagawa a zaɓi safiya marar iska, mutum uku sun isa, a kuma fitar da yara daga gidan gaba ɗaya. A fara gwadawa ba eriya, a ɗaura buhun yashi mai kilo 15 a madadinta, a ɗaga taƙi biyu daga kan dirka a tsaya, a duba walda, a duba igiya, a saurari ƙarfe. In ya yi shiru a kai shi sama a sauko da shi sau biyu ko uku. Wanda eriyarsa irin ta Yagi ce, mai ƙashin baya da haƙarƙari, wadda Uda da Yagi suka ƙirƙiro a Japan a 1926, ya tuna da abu guda kafin kowace saukarwa: haƙarƙarinta na zangon mita 20 sun kai mita 10, watau mita 5 kowane gefe, alhali sandar a kwance mita 3 kawai take daga ƙasa. Sai ya juya ta tukuna, ƙashin bayan ya fuskanci inda za a sunkuya, yadda haƙarƙarin za su sauko a kwance. Ni sai da na lanƙwasa guda biyu na koyi wannan.

Malamin Fatakwal ya kuma tambayi yadda zai hana ruwa shiga mahaɗin waya. Wannan sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.